Kafin ka rubuta "A kori koci"

Maƙalar wannan mako a kan ƙwallo take, kuma da gangan muka zaɓo ta, domin babu fagen da alƙalamin matasanmu ya fi zafi kamar nan, babu kuma inda ya fi lalaci.

Mu masu kallon ƙwallo a Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, mun san yadda magoyin baya yake dawowa daga rakiyar koci. Yau ya kare shi, gobe ya yi shiru, jibi a ci ƙungiyar a minti na ƙarshe, kafin mai gidan kallo ya kashe janareto ya riga ya rubuta: "Wannan mutumin bai san komai ba, a kore shi." Wannan haƙƙinsa ne, kuɗinsa ya biya ya shiga, ransa ne ya ɓaci. Rigimarmu da wanda yake kiran kansa marubuci ne, ya ɗauko wannan ihun ya ƙara masa zagi layi goma, ya ce ya yi sharhi. An bar jaki ana dukan taiki.

A duba Manchester United. Tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, an sallami David Moyes a 2014, Louis van Gaal a 2016 kwana biyu bayan ya ci kofin FA, Jose Mourinho a 2018, Ole Gunnar Solskjaer a 2021, sai Erik ten Hag a Oktoban 2024, wata biyar bayan ya doke Manchester City a wasan ƙarshe na FA. A duk waɗannan shekarun ba a ɗaga kofin Firimiya ko sau ɗaya ba, kakar 2024/25 ma a ta 15 aka ƙare. Mutum biyar, kowa da salonsa, duk sun faɗi a rami ɗaya. Marubuci na gaske zai tambaya: wa ya haƙa ramin? Wa yake sayen 'yan wasa? Me iyalan Glazer suka yi da ƙungiyar tun da suka saye ta a 2005? Ferguson ɗin da ake kafa misali da shi ya zo a Nuwamban 1986, bai ci kofin farko ba sai 1990, gasar lig kuwa sai 1993. Da a hannun masu rubutunmu na yau ya faɗo, da bai kai shekara biyu ba.

Mu dawo gida. A Disambar 2021 hukumar ƙwallon Najeriya ta sallami Gernot Rohr, ana saura 'yan makonni a fara gasar kofin Afirka a Kamaru. Jama'a da yawa sun yi murna. Rohr ya kai Najeriya gasar duniya ta 2018, ya zo na uku a Masar a 2019, amma wasansa ya gundiri mutane. Augustine Eguavoen ya karɓa, Tunisiya ta fitar da mu a Garwa, sannan a ranar 29 ga Maris 2022 Ghana ta yi 1-1 da mu a Abuja ta tafi Ƙatar, 'yan kallo suka afka filin Moshood Abiola suna fashe-fashe. Ko Stephen Keshi da ya ciyo mana kofin Afirka a 2013 bai tsira ba, a 2015 aka kore shi. Masu naɗa koci da masu korar sa kuwa kusan ba a ambaton su a rubuce-rubucenmu.

Kano Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2022 ta faɗa rukuni na ƙasa, a kakar da aka hukunta ta saboda tarzomar magoya baya a ranar wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha. Duk wanda ya ba da labarin faɗuwar Sai Masu Gida ya tsaya a kan koci kaɗai, ya ɓoye hannun 'yan kallo da na shugabanni, kuma ya cuci mai karatu.

Mun san abin da za a ce mana: ai wani lokacin korar tana magani. Gaskiya ne. Chelsea ta sallami Frank Lampard a Janairun 2021, Thomas Tuchel ya ɗaga kofin Zakarun Turai a watan Mayu. Kodebuwa ta kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa a Janairun 2024, Emerse Faé ya karɓa ya doke mu 2-1 a wasan ƙarshe. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, akwai kocin da ya cancanci kora. Amma waɗannan misalan suna nuna cewa tun farko akwai 'yan wasa a ƙasa, mai ja ne ya gaza. Aikin marubuci shi ne ya nuna mana cewa haka lamarin yake a ƙungiyar da yake magana a kai.

Saboda haka duk mai son turo rubutun da ke cewa a kori koci, ya zo mana da amsar tambaya uku. Wane kuskure ne kocin yake maimaitawa, a waɗanne wasanni, da kwanan wata? Me aka ba shi na aiki, me aka hana shi? Idan ya tafi wa zai zo, kuma me ya sa shi ba zai faɗa ramin ba? Wanda ya amsa waɗannan ya ce a kore shi, za mu karanta da girmamawa ko ba mu yarda ba. Wanda kuma makaminsa tsufan mutum ko sanƙonsa ko ƙabilarsa, ya bar shi a majalisar mai shayi.

Abin da ya sa muke ɗaga murya shi ne hannun da ya saba da wannan lalacin ba ya tsayawa a ƙwallo. Gobe shi zai rubuta a kan rashin tsaro da ya addabi ƙasar Zuru, ko makarantar da rufinta ya yaye, ya samo mutum ɗaya ya zage shi ya kwanta, tsarin da ya haifar da matsalar yana nan daram.

Ga kuma aikin da ke jiran mu a bakin ƙofa. A filayen makarantun firamare na garuruwanmu akwai masu horar da yaran unguwa ba albashi, wasunsu daga aljihunsu suke sayen ƙwallo da ruwan leda. In an ci su, su ma "a kore shi" suke ji, babu wanda ya taɓa zama da su da biro da takarda. Koci a Ingila ba zai taɓa ganin rubutunmu ba, na unguwarmu zai gani, iyayen yaran za su gani. A je a kalli atisayensa, a tambaye shi dalilin sauya ɗan wasa, a rubuto mana kafin mako mai zuwa.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.