Bututun Dalma da Haƙƙin Ɗan Haya a Birnin Newark

Duk wanda ya ji labarin Zamfara a shekarar 2010, sa'ad da ƙurar haƙar zinariya ta hallaka yara wajen 400, ba sai an gaya masa mece ce gubar dalma ba. Amma waccan da gaggawa ta zo. Wadda na ke so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai gare ta ita ce mai tafiyar hawainiya, watau wadda ke narkewa cikin ruwan famfo, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro sannu a hankali. Ita ce ta addabi Newark, birni mafi girma a jihar New Jersey ta Amurka.

Ruwa ba ya barin matata da dalma a cikinsa. A hanya ya ke kwaso ta, galibi a ƙaramin bututun da ke ɗauko shi daga babban bututun titi zuwa cikin gida. Amurka ta hana sa sabon bututun dalma tun 1986, amma hani bai tono waɗanda ke binne ba. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce zuba wani sinadari da ke yi wa cikin bututu shafe, don kada ruwa ya ci shi. A matatar Pequannock wannan shafe ya daina aiki, kuma a 2017 awo ya nuna dalma ta haura ƙa'ida a gidaje da yawa.

Da fari hukuma ba ta yi abin yabo ba. Ta yi ta kwantar wa mutane hankali, har wata ƙungiyar malaman makaranta da ƙungiyar NRDC mai kare muhalli suka maka ta kotu a 2018. Aka raba matatan gida, sa'an nan a watan Agusta na 2019 aka koma rabon ruwan kwalba.

To, ga inda gizo ke saƙar. A Newark wannan ƙaramin bututu mallakar mai gida ne. Saboda haka shirin farko ya ce mai gida ya nemi a sauya masa, ya kuma biya abin da bai wuce dala 1,000 ba. A takarda lalle adalci ne, mai kaya ya gyara kayansa. Amma kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen birnin 'yan haya ne. Mai gida yana can wani gari yana karɓar kuɗin wata, ɗansa bai taɓa kurɓar ruwan ba. Ɗan haya kuwa, wanda jaririnsa ke sha, ba shi da ikon sa hannu. Ashe an ɗora shawara a wuyan wanda abin bai dama ba.

Abubuwa biyu suka warware ƙullin a 2019, zamanin magajin gari Ras Baraka. Gundumar Essex ta ciwo wa birnin bashin dala miliyan 120, aikin ya zama kyauta. Daɗin daɗawa, majalisar birni ta yi doka cewa sauyin dole ne, kuma ma'aikata na iya yi ko mai gida bai ba da izini ba. Daga nan sai aka daina tsalle daga wannan gida zuwa wancan, aka riƙa bin titi ɗaya ana gamawa kafin a shiga na gaba. Cikin ƙasa da shekara uku aka maye gurbin bututu wajen 23,000 da na jan ƙarfe, aikin da aka yi zaton zai ci shekara takwas ko goma.

Na san akwai masu cewa an taka haƙƙin mallaka, an kuma gyara dukiyar masu hali da kuɗin talakawa. Maganar tana da nauyi, ba na rena ta. Sai dai a ganina hukumar ruwa ba bututu ta ke sayarwa ba, ruwan sha ne, kuma abokin cinikinta shi ne mai buɗe famfo. Wasu biranen kan sauya rabin da ke ƙarƙashin titi su bar na cikin fili, alhali yanka tsohon bututu da girgiza shi kan ƙara sakin dalma na ɗan lokaci. Wannan ai an gudu ne ba a tsira ba.

Amma fa sauri ma yana da nasa tsada. A 2024 aka gano wasu gidaje da aka rubuta an gama su, ga guntayen dalma nan a ƙasa, har gwamnatin tarayya ta tuhumi jami'ai biyu na wani kamfanin kwangila da zamba. Hukumar da ta shiga filin mutum ba da izininsa ba ta ɗauki alkawarin tsayawa a bakin kowane rami ta gani da idonta kafin a mai da ƙasa. A wasu titunan Newark ba a yi haka ba, sai da aka sake tonawa.