Ya Mai Rami, Da Me Kake Riƙe Yaranka?

 

Ya ɗan'uwa mai rami, ko mai injin niƙan dutse, ko mai tankar ruwa a Tchibarakaten, yau da kai nake. Kukan da ya yawaita a bakin iyayen gida shi ne yara ba sa zama. Ka ɗauko matashi daga Maraɗi ko Damagaram, ka biya masa kuɗin mota, ya koyi riƙon guduma da gane jijiyar zinariya a jikin dutse, bayan wata uku sai ka gan shi a ramin maƙwabcinka. Kana kiran wannan butulci. Ka ɗan jinkirta hukuncin, mu fara duba littafin lissafinka.

Tun da aka gano zinariya a wannan wuri a 2014, ba a taɓa rayuwa cikin arha a nan ba. Babu gona, babu rijiyar da za ta ishi jama'a. Ruwa a mota yake zuwa, shinkafa da mai da sukari daga Arlit da Agadas ko daga tsallaken iyakar Aljeriya. Sannan ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023: takunkumin CEDEAO, da rufe iyakar Benin wadda ta nan kayan tashar Kwatano suke shigowa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kaya suka ci gaba da zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma kowace tafiyar da aka ƙara wa buhu, mai ci ne yake biyanta. Hukuma da kanta ta amsa cewa tsohon lissafi ya daina aiki, shi ya sa ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Najeriya ma ta mai da nata naira 70,000 a 2024. To kai fa, yaushe ka sake zama da yaranka a kan yarjejeniyarku?

Na san amsarka: ai mu ba albashi muke yi ba, rabo muke yi, kuma zinariya ta yi tsada, har ta haura dala 3,000 kowane oza a kasuwar duniya a Maris 2025. Gaskiya ne. Sai dai rabon yana zuwa ne bayan an cire kuɗin abinci da ruwa da man inji, kuma a nan ne amana take ɓacewa. Idan kai ne mai sayo buhun, kai ne mai sa masa farashi, kai ne mai auna zinariyar a bayan labule, kai ne kuma mai faɗin yadda aka sayar, to tsadar kaya duk ta tafi wuyan yaro, tsadar zinariya kuwa ta tsaya a aljihunka. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a bābin ijara cewa lada ya zama sananne ga ɓangarorin biyu. Mazhabar Imam Malik ta halatta a ɗauki ma'aikaci a kan ci da tufatarwa, amma bisa abin da al'adar wuri ta sani, ba bisa abin da mai gida ya ga dama a ƙarshen wata ba. Ladan da ba a san adadinsa ba sai ranar rabo, bayan an cire abin da ba a nuna ba, ka tambayi malamin da ka amince da shi ko wannan ya tsira daga jahilci da garari.

Akwai hanyar riƙe ma'aikaci da ta fi sauƙi, kuma wasu ita suka zaɓa. A riƙe rabonsa har sai "an gama wannan layi". A ɗora masa bashin mota da na abinci har ya zama ba shi da kuɗin komawa gida, alhali tsakaninsa da gari tafiyar hamada ce. Wannan yaro yana zaune, amma ɗaure yake. Ka ji tsoron hadisin da Bukhari ya ruwaito, wanda a cikinsa Allah da kansa ya ce zai zama abokin husumar mutum uku ranar alƙiyama, ɗayansu kuwa wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Jinkirin mai hali ma an kira shi zalunci. A wannan zamani laifin jinkiri ya ninka, domin kuɗin da ka riƙe wata huɗu ba zai sayi mudun da zai saya a ranar da ya kamata ka biya ba.

Kamfanonin birni suna riƙe ma'aikatansu da kuɗin magani da na sufuri da abincin rana, suna kiran abin dabarar kasuwanci. Mu tun daga hadisin Abu Zarri aka hore mu da ciyar da na ƙarƙashinmu daga abin da muke ci, da tufatar da su, da rashin ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora a taimaka musu. A bakin rami ma'anar wannan a fili take. Ruwan sha a kan mai rami yake, kada ya shiga cikin abin da ake cirewa daga rabo. Mutumin da yake fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa cikin zafin Sahara, a ce yana ƙirga kofin da zai sha, wallahi abin kunya ne. A auna zinariya a gaban kowa, a faɗi farashin ranar. A rubuta kuɗin buhu yadda aka sayo shi. A ware kuɗin komawa gida tun ranar farko, kada bashi ya taɓa shi. A ba da abin rufe hanci, domin ƙurar dutse tana zama a huhu ta kassara mutum shekaru bayan ya bar aikin, lokacin da kai ka manta da sunansa.

Za ka ce idan na yi haka alhali maƙwabcina bai yi ba, ribata za ta ragu. Mai yiwuwa a watan farko. Amma lissafa abin da sabon hannu yake ci maka: kuɗin motarsa, makonnin koyo, injin da zai lalata, da zinariyar da za ta bi ɓaraguzai saboda idonsa bai goge ba. Ban so in daɗe a kan wannan hujja, domin wajibi ba ya jiran a tabbatar yana da riba kafin a sauke shi.

Sauran magana ɗaya mai nauyi. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Irin wannan na iya aukuwa a ko'ina ake haƙa. Wasu masu rami sun haddace cewa an ruwaito ba a bin diyyar wanda ramin ma'adini ya rufta da shi, sai su tsaya a nan. Ruwayar ingantacciya ce, amma malamai sun fahimce ta a kan inda babu sakaci da ƙetare iyaka. Wanda aka gaya masa bango ya tsage ya ce a sauka, ko ya ƙi sayen igiya sabuwa bayan tsohuwar ta fara cinyewa, ba shi da mafaka a cikinta. Ko da kuwa babu sakaci, rabon mamacin na abin da aka riga aka haƙo ya zama gādo, haƙƙin magadansa ne, ba ya komawa cikin asusun rami. Saboda haka duk yaron da ka ɗauka, kafin ƙafarsa ta taɓa bakin rami, rubuta cikakken sunansa da garinsu da lambar wayar wani nasa, ka ba amintacce guda kwafin takardar ya ajiye.