FINA-FINAN ASIYA: A ZAƁI TSABA, A BAR ƘAIƘAYI

Duk wanda ya zaga garuruwan Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa a 'yan shekarun nan, zai tarar da wata sana'a wadda iyaye ba su tashi da ita ba, wato tura fina-finai cikin wayar hannu. Yaro yakan miƙa 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa waya da fina-finan Indiya waɗanda aka fassara da Hausa, da na Sin da Koriya, har da zane mai motsi na ƙasar Japan wanda ake kira anime. Wannan al'amari ya raba kan jama'a, wasu na kiran a hana, wasu kuma na ganin ba abin damuwa ba ne. Dukkan ɓangarorin biyu sun kauce wa hanya.

Kamar yadda aka sani, Hausawa ba yau suka fara kallon waɗannan fina-finai ba. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da fina-finan Indiya gidajen silima na Arewa, daga baya aka yi ta tururuwa zuwa Plaza da Marhaba da Orion a birnin Kano. Gidajen talabijin kuma suka shigar da su har cikin ɗakunan matan aure. Abin tambaya a yau shi ne, wane amfani aka tsinta cikin wannan dogon kallo?

Abin da ya ɗaukaka fitattun fina-finan Asiya shi ne masu shirya su ba su ji kunyar ƙauyukansu ba. A ɗauki Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957. Labarin wata manomiya ce wadda bashin mai ba da kuɗi da ruwa ya cinye amfanin gonarta, mijinta ya tafi ya bar ta, ta yi renon 'ya'yanta cikin yunwa da ambaliya, amma ta ƙi sayar da mutuncinta. A ƙarshe ita jama'a suka zaɓa ta buɗe hanyar ruwan noman rani ta garinsu. Manomin da ya taɓa cin bashin taki da damina ya biya da hatsi da kaka, ko mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Kazaure, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan labari.

Haka nan Seven Samurai na Akira Kurosawa, na shekarar 1954, ya nuna ƙauyen da 'yan fashi suke jiran ya yi girbi su far masa, sai manoma suka ɗauko mayaƙa bakwai, ladansu abinci kawai. Huɗu daga cikinsu suka rasa rayukansu. Ga mutanen Roni da Gwiwa, waɗanda suke maƙwabtaka da Jihar Katsina kuma suna da labarin abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyuka da dama a can, wannan fim ya wuce abin nishaɗi.

Game da anime kuwa, kuskure ne babba a ɗauka duk abin da aka zana na yara ne. Grave of the Fireflies na Isao Takahata, wanda ya fito a 1988, labarin wani yaro ne da ƙanwarsa waɗanda yaƙi ya mayar marayu a birnin Kobe a 1945, har yunwa ta kashe su. Ba kasafai ake samun fim da ya bayyana sharrin yaƙi kamarsa ba. Amma kuma a cikin anime ɗin akwai masu ɗauke da zubar da jini da batsa, waɗanda ko a can Japan ba don yara aka yi su ba. Uban da ya ga zane a wayar ɗansa ya saki jiki, to ya sake tunani.

Abin takaici shi ne, galibin abin da aka kwaikwaya daga Indiya bai wuce rawa da waƙa da rikicin soyayya ba, kamar yadda yawancin fina-finan Hausa suka nuna tun daga shekarun 1990. An ɗauki ƙaiƙayi, an zubar da tsaba.

Saboda haka hani ba shi ne magani ba, domin fim ɗin da ke cikin aljihu ba a rufe shi da kwaɗo kamar gidan silima. Abin da ya kamata shi ne Ma'aikatar Ilmi da ta Watsa Labarai ta Jihar Jigawa su haɗa kai da ƙananan hukumomin nan huɗu, su farfaɗo da majigi wanda aka wayar da kan kakanni da shi, a riƙa nuna zaɓaɓɓun fina-finai a makarantun sakandare tare da malamin da zai jagoranci tattaunawa bayan kallo. Wajibi ne kuma masu sana'ar tura fina-finai su ware na manya daga na yara. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, waɗanda suka iya sarrafa kwamfuta, su ma ƙalubale yana gabansu, domin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da tarihin masarautunsu suna nan suna jiran mai zana su.

Japan da Indiya da labaran gidajensu suka ja hankalin duniya. Wanda ya yi shekara da shekaru yana kallonsu bai koyi wannan ba, ya yi zuwan kare aboki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.