RIƘON AMANA KO RIƘON SAKAINAR KASHI?

Duk wanda ya bi ta Nasarawa G.R.A. da safe, unguwar nan da Turawan mulki suka keɓe wa kansu, yau kuma manyanmu suka gada, zai ga samari zaune a ƙofar gidaje suna jiran fitowar maigida. Ka tambayi ɗayansu, sai ya ce, "Ni yaron wane ne." To, mu wane muke tambaya: yaron nan da ke taƙama da sunanka, me ka koya masa?

Riƙon yaro ba baƙon abu ba ne a Kano. Marinan Ƙofar Mata da fataken Kurmi, yawancinsu ubangida ne ya raine su, ya koya musu sana'a, ya ba su jari, ya yi musu aure. Abin da ya sa wa riƙon nan albarka shi ne halin ubangida, watau haƙuri da cika alkawari da sakin fuska.

A 1942 Malam Aminu Kano ya tafi koyarwa Midil ta Bauchi yana ɗan shekara 22. Can ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi, ya kuma jawo shi a jiki, suna zama suna muhawara a kan sha'anin ƙasa. Zumuncin nan bai yanke ba har Sa'adu ya rasu a 1958. Shi kuma Aminu ya buɗe wa matasa gidansa na Gwammaja, wanda yau ake kira Mambayya. Wanda aka riƙa da kyau shi ke iya riƙon wani.

Masana ma sun ga haka. Likitan nan na Ingila, John Bowlby, da Mary Ainsworth wadda ta yi nazarin iyaye mata da jariransu a Uganda a 1954 zuwa 1955, sun nuna cewa yaron da ya tabbata mai renonsa zai amsa kiransa yakan tashi da natsuwa. Wanda bai sami haka ba kuwa, sau da yawa da raunin yake girma. In ya zama ubangida, ko dai ya zama mai kishi, da ya ga yaronsa ya gaisa da wani sai ya kira shi butulu, ko ya zama mai gudun shaƙuwa, sai dai a ji saƙonsa ta bakin direba.

A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes sun bi sawun matasa fiye da 1,000 a Amurka. Waɗanda riƙonsu ya kai shekara su suka fi amfana. Waɗanda aka watsar kafin wata 3 kuwa, sai ganin darajar kansu ya ragu. Ashe ɗaukar yaro a yar ɓarna ce.

Jama'a, ba wannan muke gani ba? Zaɓe ya matso a tara samari, a cika su da alkawari. An rantsar da maigida, sai maigadi ya ce ba ya nan. Wa zai yi mamaki in wasunsu sun faɗa daba?

Saboda haka muna kira ga manya: kowa ya auna halinsa kafin ya ce wa ɗan wani "yarona". In ba za ka iya sauraronsa ba, in ba za ka jure ganin ya fi ka ba, bar shi ga iyayensa. Ku kuma iyaye, yadda kuke binciken mai neman 'yarku, haka za ku binciki mai neman ɗanku. Amana ce, kuma Allah zai tambaya.