Jirgin da Ba a Zana a Bayan Kwali Ba

Masu bibiyar wannan fili za su yi mini uzuri a wannan mako, domin na ajiye maganar siyasa, na ɗauko wani abu da mutane da yawa za su kira wasan yara. Watanni uku ke nan ina fama da wani ɗan jirgin saman yaƙi na roba, irin wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya haɗa da gam, ya yi masa fenti. Wani aminina ne ya kawo mini shi tsaraba daga Ingila. Kwaikwayon jirgin Hurricane ne, samfuri na farko, an rage girmansa sau 72, ta yadda fuka-fukan da suka kai mita 12 suka koma santimita 17.

A bayan kwalin an zana shi yana kare samaniyar Ingila a 1940. Wannan gaskiya ne, amma akwai saura. Bayan Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yunin 1940, ratsa tekun Bahar Rum ya zama kasada ga Ingila. Sai aka koma kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, a haɗa su a can, su tashi ta Legas, su sauka Kano, su bi ta Maiduguri da Chadi da Sudan har Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na wannan shekara, kuma dubban jirage sun bi wannan hanya kafin yaƙin ya ƙare. Don haka na ƙudura cewa nawa jirgin zai zama irin waɗanda suka sha ƙurar Kano, kuma samfuri na biyu mai manyan bindigogi, wanda ya fito a 1941.

A nan aiki ya soma. Samfuri na biyu yana da sabon inji, Merlin XX, wanda ya sa hancinsa ya fi na farko tsawo da kimanin inci huɗu. A ma'aunin ɗan jirgina, wannan milimita ɗaya da rabi ne kacal. Na yanke hancin da ƙaramin zarto, na cusa ɓallin roba, na cike, na goge da sanfefa. Na toshe ramukan ƙananan bindigogi takwas, na dasa manya huɗu masu bakin milimita 20, biyu a kowane fiffike. Sannan na sassaƙa matatar iska ta Vokes, wannan ƙatuwar haɓa da ake ɗaura wa jiragen sahara don kada rairayi ya cinye injin, ko da yake tana rage musu gudu. Ta farko da na yi ta karkace, dole na ɓamɓare ta na sake. Daga ƙarshe koren fentin Ingila ya ba da wuri ga ruwan ƙasa da ruwan rairayi a sama, da shuɗi mai haske a ciki.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'a, ya tarar da ni ina auna hancin, ya yi dariya ya ce, "Kawu, wa zai gane milimita ɗaya da rabi?" Na ce masa ni zan gane. Da na bar hancin yadda yake, na shafa masa fentin sahara, da na ƙera jirgin da bai taɓa wanzuwa ba, kuma duk wanda ya gan shi a falona zai tafi da ƙarya a kansa ba tare da ya sani ba. Na nuna masa cewa ban rubuta wa jirgin wata lamba ta musamman ba, domin ba ni da hoton da ya tabbatar mini da ita. Gara gurbi a fili da cikon ƙarya.

Abin da ya sa na kawo zancen nan fili ke nan. Kullum muna kukan cewa an rubuta tarihin duniya an manta da mu, kuma kukan yana kan hanya. Sai dai na lura idan mun tashi gyara, mukan yi gaggawa: mu ƙara adadi, mu ƙirƙiro jarumi, mu shafa fentin gida a kan labarin wasu. Gyara na gaskiya ya fi haka wuya. Yana buƙatar awo da hujja, da haƙurin ɓamɓare abin da ya karkace ko da hannunka ne ya ɗora shi.

Su wane ne leburorin da suka share filayen saukar jirage a Kano da Maiduguri? Wa ya gangara da durom-durom na mai? Nawa aka biya su? Waɗannan tambayoyi suna jiran ɗalibanmu na tarihi, kuma tsofaffin da suka gani da idonsu sun kusa ƙarewa.

Jirgin dai yana nan a kan kanta. Ɗan ƙanwata ya dawo jiya, ya nemi aron ma'aunina.