Willy Loman da Rancen Maƙwabci

Ban yarda da masu ɗora wa Amurka laifin mutuwar Willy Loman ita kaɗai ba. A wasan kwaikwayon Arthur Miller na 1949, Death of a Salesman, dattijon ɗan tallan ya ruɗi kansa cewa farin jini ya fi ƙwazo. Kamfani ya yanke masa albashi, sai ya koma ranto dala 50 duk mako wurin maƙwabcinsa Charley, yana kai wa matarsa Linda kamar guminsa ne. Ta sani, ta yi shiru, nan ma akwai laifinta. Charley ya yi masa tayin aiki, girman kai ya hana shi. Ya halaka kansa don ɗansa Biff ya ci dala 20,000 na inshora, alhali Biff ya riga ya yi watsi da burin mahaifin nasa.