Tocilar da ke haska nesa ba ta nuna kububuwa a gindin ƙafa

Duk shekara in jarrabawar brebe da bak ta ƙarato, iyaye kan ruga kasuwa sayen tocila, don yara su yi bita a tsakar gida ko su tafi wurin allon unguwa da dare. Niyyar mai kyau ce. Yadda muke zaɓen ne ke ba ni takaici. Mai tebur ya dallara hasken a bangon wani gida can nesa, ya nuna maka kwali an rubuta lumen 100.000, sai ka zaro jikka uku ka miƙa kana murna. Ni ma an yi mini haka bara. Kafin sati biyu, tocilar ta koma kamar garwashin da ya kwana.

Mu fara da ƙaryar kwali. Lumen shi ne ma'aunin dukan hasken da ke fitowa daga fitila. Ƙwan LED mai kyau yana ba da wajen lumen 150 a kowane wat. Ke nan lumen 100.000 na bukatar wat sama da 600, abin da ya doshi cin dutsen guga na lantarki. Batirin da ke cikin yawancin waɗannan tociloli, wanda ake kira 18650, ko na ƙwarai ne ƙarfinsa bai wuce mAh 3.500 da ƴan kai ba. Da zai ba da wannan haske, da minti ɗaya ya ƙare. Haka in ka ga an rubuta mAh 9.900 a jikinsa, ka san fenti ne kawai.

Sai batun nisa, wanda shi ya fi ruɗin mutane. A ƙa'idar da masu ƙera tocila suka tsara a Amurka a 2009, nisan haske shi ne inda ya ragu ya koma kwatankwacin farin wata na daren sha huɗu. In an rubuta mita 500, to a can ba abin da za ka gani sai inuwa-inuwa. Kuma duk sa'ad da ka ninka nisa sau biyu, hasken da ke sauka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ɗauki tocila biyu masu lumen 300 kowace. Ta farko ta tattara haskenta wuri guda kamar ruwan bakin buta. Ta biyu ta watsa shi kamar bututun masu ban-ruwa a lambu. Ruwan ɗaya ne, zubinsa ya bambanta. Ta farko ita ke burge mutane a kasuwa. Ta biyu ita yaronka ke bukata.

Yarinyar da ta fito daga bita ƙarfe goma na dare cikin damina, me ya dame ta da bishiyar da ke mita 200? Abin da ke taku uku gabanta da gefen hanya shi ne rayuwarta: rami, kwata, kunama, kububuwa. Kububuwa ƴar ƙarama ce, launinta na ƙasa ne, da dare take yawo, kuma dafinta na hana jini daskarewa. Tocila mai siririn haske tana yin farin tabo a tsakiya ta bar gefe cikin duhu. Ido kuma in ya kalli wannan tabo sai ya tsuke, gefen ya ƙara baƙi, kuma yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya sake sabawa da duhu sosai. A kan kaye ma haka ne: tsakiyar shafi na ƙyalli, sauran duhu, yaro ya yi ta murtsuke ido har ya rufe littafin, mu ce ragwanci ne.

Wani zai ce shi ɓarawon awaki yake son hangowa daga nesa. Gaskiya ne, mai gadi da makiyayi suna da hujjar neman mai dogon zango. Saya wa kanka. Amma kada ka ba ɗan lakwal kayan aikin mai gadi ka ce ka gama naka.

Gani ya kori ji. Kada ka gwada tocila da rana. Shiga wuri mai duhu, tsaya taku biyar daga bango, ka duba faɗin hasken, ba zafin tsakiyarsa ba. Haska ƙasa ka ga ko kana ganin ƙafarka da gefen hanya lokaci guda. In da hali, bar ta kunne rabin awa, domin da yawa suna ruri a farko sannan su dushe. Nemi mai matakin rage haske, ita ke kai yaro ƙarshen bita. Don karatu kuwa, ƴar fitilar sola ta ajiyewa ta fi kowace tocila.

Malaman kimiyya, laifinku ya fi na iyaye, domin ku kun san wannan lissafi. Kuna koyar da wat da bolt a allo, ɗalibanku kuma ana cutarsu da lambobi a bakin kasuwa. Ku ce kowa ya zo da tocilar gidansu, a rufe tagogin aji, a auna faɗin haske da igiya, a raba lumen ɗin kwali da 150. Yaron da ya yi wannan darasi sau ɗaya, shi zai riƙe hannun babansa a gaban mai tebur.